Gwamnatin Kalankuwa da Masarautun Intanet: Wa Ya Ba Alƙalin Wasa Ikon Cin Tara?

A ƙauyukan arewacin Zazzau, tun daga Janfalan da sauran ƙasar Ikara, a bi ta Makarfi zuwa Kudan, har a tsallaka cikin kudancin Kano, kaka a da lokacin kafa gwamnati ce. Da an yanke dawa an ɗaure dammuna, an sayar da gyaɗa da auduga, samari sun ji nauyin aljihu, sai Sarkin Samari ya kwashi 'yan majalisarsa su nufi ƙofar dagaci. Su faɗi su yi gaisuwa, su ce, "Ranka ya daɗe, yara na neman izinin kalankuwa." In ya amince, a sa rana, a aika goron gayyata ƙauyukan kewaye, a share fili a bayan gari a kakkafa rumfunan zana. Daga ranar da ganga ta tashi har ranar da aka watse, filin nan yana da sarkinsa da alƙalinsa da 'yan sandansa, har da wata rumfa da ake kira gidan yari.

Sarautun iri biyu ne a gauraye. Ga Waziri da Galadima da Madaki da dogarai, kamar yadda aka gani a fada. Ga kuma waɗanda zamanin Turawa ya kawo: Gwamna, Razdan, Di'o, Joji, Likita. Da mulki ya sake hannu, filin kalankuwa ma ya sake, aka fara ganin shugaban ƙasa da ministoci da sojoji masu bindigar kara. 'Yan mata suna da tasu shugabar, kuma ba saurayin da ke tsallake ta ya kai ga budurwa. Duk abin da talaka ya gani yana juya shi a rayuwa, sai ya ɗinka masa riga ya sa wa ƙanensa.

A duba kotun da kyau, domin a nan zancen yake. Ɗan sandan wasa, da hular kwali da kulkin kara, ya damƙo wani saurayi ya gurfanar da shi. Laifin ba ya wuce irin shiga fili ba gaisuwa, ko katse makaɗi, ko yi wa budurwa magana ba izini. Alƙali, wanda jiya tare suka yi aikin gayya, ya gyara rawaninsa na aro, ya haɗe fuska, ya tambayi mai laifi ko yana da ta cewa. Jama'a na ta dariya. A yanke masa tarar goro ko 'yan kwabbai, ya sa hannu aljihu ya biya, kuɗin su tafi ga makaɗa da abincin baƙi. Ba takardar da ta ba alƙalin nan iko, amma da wuya a ga wanda ya ƙi biya. Mai ƙin biya ya san abin da ke jiransa: makaɗi zai saka sunansa a waƙa, 'yan mata za su ji, kuma ranar da ya kira gayya a gonar surukinsa zai tsaya shi kaɗai da fartanyarsa.

Ba a bakin tsofaffi kawai labarin ya tsaya ba. Baba ta Karo, wadda ta taso a ƙasar Zarewa a kan iyakar Kano da Zazzau, ta ba Mary Smith labarin sarautun samari da 'yan mata na ƙuruciyarta a hirarrakin da suka yi a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, littafin da aka yi da hirarrakin ya fito a 1954. Malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun nazarci kalankuwar Bomo da ke kusa da Samaru. A Damagaram akwai ɗan'uwansa, wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarki da manyan gwamnati da kayan aikin da aka ƙera da karan dawa. Yau kalankuwa ta ja baya ƙwarai. Wa'azin malamai a kan cakuɗar maza da mata, musamman bayan kafuwar Izala a 1978, da makarantar boko, da cirani, sun taru sun rage mata ƙarfi. Sha'awar da ta haife ta kuwa tana nan, ta koma cikin waya.

Masarautar da ta fara a ɗakin kwana

Ranar 26 ga Disamba 1979, wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Robert Ben Madison, a birnin Milwaukee na Amurka, ya shelanta cewa ɗakin kwanansa ya ɓalle ya zama masarauta, shi ne kuma sarki. Ya sa mata suna Talossa. Yara da yawa sun yi irin wannan sun manta, shi bai manta ba. Ya ƙirƙira mata harshe mai kalmomi dubbai, ya jawo abokai da dangi, suka kafa jam'iyyu suna zaɓe. A tsakiyar shekarun 1990 ya ɗora ta a intanet, sai mutanen da ba su taɓa taka Milwaukee ba suka fara neman zama 'yan ƙasa. Ita ce ake yawan ambata in ana zancen ƙasashen wasa na intanet, kuma ta fi yawancinsu tsari.

Wanda ya karanta tsarin mulkinta na 1997 ba zai ce wasa ake yi ba. Sarki na nan a sama, amma mulki na hannun firaminista, wanda suke kira Seneschal. Majalisa, Ziu, zaure biyu ce. Akwai Cosa mai kujeru 200 da ake raba wa jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu, akwai Senäts inda kowane lardi ke da sanata ɗaya. Da yake 'yan ƙasar gaba ɗaya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, masu ƙwazo a cikinsu kuma ba su kai haka ba, mutum ɗaya kan riƙe kujeru da dama a Cosa. A lokacin zaman majalisa, duk wata ana fitar da jerin ƙudurori a kaɗa ƙuri'a, a kuma tambayi 'yan Cosa ko har yanzu sun amince da gwamnati. In suka ce a'a, sai sabon zaɓe. Suna da kotun ƙoli, Cort pü Inalt, inda ake shigar da ƙara a rubuce, lauyoyi su yi muhawara, alƙalai su rubuta hukunci mai shafuka. Wasu ƙananan hukumominmu da ke karɓar kason wata-wata daga Abuja ba sa ajiye takardun zaman kansiloli yadda waɗannan mutane ke ajiye na wasansu.

To, amma in kotun ta kama mutum da laifi, me za ta yi masa? Ba ta da ɗan sanda, ba ta da kurkuku, ba ta iya taɓa asusunsa. Iyakarta ta hana shi riƙe muƙami, ko ta kore shi daga ƙasar, wato a share sunansa a rufe masa ƙofar zauren tattaunawa. Korarren ya kashe kwamfutarsa ya tafi aikinsa, maƙwabcinsa ma bai san an kore shi daga ko'ina ba. A nan alƙalin kalankuwa ya fi na Talossa haƙori nesa ba kusa ba, duk da bai taɓa rubuta doka ko layi ɗaya ba. Mutanen da yake yi wa shari'a rijiya ɗaya suke sha da shi, masallaci ɗaya suke salla, a gidajen juna za su nemi aure. Kunya ce gidan yarinsa na gaskiya, ita kuwa kunya sai da idon sani take kama mutum.

Tarihin Talossa kansa ya nuna haka. A 2004 wasu 'yan ƙasar suka ce mulkin Madison ya ishe su, suka ɓalle suka kafa Jamhuriyar Talossa. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, sabon shafi kawai suka buɗe. A 2005 Madison ya sauka daga gadon da shi ya ƙirƙira, ya bar wa wani ƙaramin yaro jikan matarsa, wanda shi ma bai daɗe ba. A 2007 aka zaɓi John Woolley sarki, a 2012 jamhuriya da masarauta suka sake haɗewa. Ƙasar da ficewa daga cikinta ba ta cin ko sisi, dole shugabanta ya riƙa lallashi. Ina ganin wannan ne ya sa dokokin irin waɗannan ƙasashe ke da tsawo da yawan sharuɗɗa: da yake ba sanda, sai a yi ta ƙara ƙa'ida don kowa ya ji an yi masa adalci, kada ya yi fushi ya tafi.

Masu kuɗi ma sun shigo

Ba duka ƙasashen wasa ne na yara da 'yan sha'awa ba. A Oktoban 2016 wani attajirin injiniya ɗan asalin Azarbaijan, Igor Ashurbeyli, ya shelanta kafa Asgardia, ƙasar da ya ce a sararin samaniya take. Dubban ɗaruruwan mutane suka yi rajista ta intanet, aka amince da tsarin mulki, aka kafa majalisa mai kujeru 150, aka rantsar da shi shugaba a fadar Hofburg ta birnin Biyana a Yunin 2018. Duk faɗin ƙasar shi ne wani ɗan tauraron ɗan'adam da aka harba a Nuwamban 2017, wanda ya faɗo ya ƙone a 2022. Liberland kuwa, wadda Vít Jedlička ɗan ƙasar Cek ya shelanta ranar 13 ga Afrilu 2015, tana da'awar wani fili mai murabba'in kilomita 7 a gaɓar kogin Danube tsakanin Kuroshiya da Sabiya. 'Yan sandan Kuroshiya sun sha kama masu ƙoƙarin shiga, don haka yawancin harkar gwamnatinta a intanet ake yi. A 2024 aka zaɓi Justin Sun, hamshaƙin ɗan kasuwar kuɗin kirifto, firaminista, a wani tsarin zaɓe da nauyin ƙuri'ar mutum ke bin yawan hannun jarinsa a ƙasar. Ko a kalankuwa ba a taɓa rubuta cewa mai ƙunshin goro mafi girma shi ke da baki biyu ba.

Kusan dukkansu suna kafa hujja da Yarjejeniyar Montevideo ta 1933, wadda ta lissafa abubuwa huɗu da ƙasa ke bukata: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe. Sai su ce ga jama'a a rajista, ga gwamnati a shafi, saura kaɗan. Somaliland tana da ƙasa da soja da kuɗinta da zaɓenta tun bayan 1991, amma ta shafe sama da shekara 30 ba ƙasar da ta amince da ita. Wanda ke da shafin intanet kaɗai sai ya auna nisan tafiyarsa.

Inda wasa ke ƙarewa

Dagacin da ke ba da izinin kalankuwa ya san abin da yake yi. Ya san ranar farawa da ranar watsewa, ya san tarar ba ta wuce goro ba, ya san in Gwamnan wasa ya cire hula zai zo ya durƙusa a ƙofarsa. Gwamnatocin duniya ma haka suke kallon ƙasashen wasa. Amurka ba ta taɓa damuwa da Talossa ba, domin 'yan Talossa na biyan harajinsu na gaskiya. Rigima na farawa ne in an taɓa kuɗin mutane, ko ƙasa, ko aka sa hukuma ta ji an raina ta.

Najeriya ta ga nata. Fela Anikulapo-Kuti ya kira gidansa da ke titin Agege a Legas Jamhuriyar Kalakuta, ya kewaye shi da waya, ya ce ikon gwamnatin soja bai shiga ciki ba. Ranar 18 ga Fabrairu 1977 sojoji kimanin dubu suka afka wa gidan suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, ta taga. Ta rasu a 1978. Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan sojan da ba a san ko wane ne ba. Abin da aka yi wa gidan nan zalunci ne tsagwaronsa, ba kuma wata doka da ta halatta shi.

Na Simon Ekpa daban ne. Daga birnin Lahti na Finland ya naɗa kansa firaministan gwamnatin Biyafara ta gudun hijira a 2023, da ministoci da sanarwoyi, duk ta intanet. Amma umarninsa na zaman gida dole a kudu maso gabas 'yan bindiga ne suka riƙa tabbatar da shi, an kuma rasa rayuka. Hukumomin Finland suka kama shi a Nuwamban 2024, kotu ta ɗaure shi shekara 6 a Satumban 2025 bisa laifuffukan ta'addanci. Akwai kuma na damfara. Kailasa, ƙasar da Nithyananda, wani malamin Hindu da ya tsere daga shari'a a Indiya a 2019, ya ce ya kafa, ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa da aka sani. Duk da haka wakilanta sun sa birnin Newark na Amurka ya sa hannu a yarjejeniyar ƙawance a 2023 kafin a farga a soke, a shekarar kuma wani babban jami'in ma'aikatar gona ta Faraguwai ya rasa aikinsa saboda ya rattaba hannu a takarda da su. Tambari da takarda mai kan sarki suna ruɗar manya ma.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai bar ƙofa ba. Sashe na 1(2) ya hana kowa karɓe mulkin ƙasar ko wani yankinta sai ta hanyar da ya tanada, sashe na 2 ya ce ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa. Sashe na 36(12) ya ce ba a hukunta mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna cikin rubutacciyar doka, wato wadda majalisa ko hukuma mai iko ta yi. Yin sojan gona a matsayin ma'aikacin gwamnati laifi ne a dokar Penal Code. A Kaduna, tun gyaran da aka yi a 2001 zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Makarfi, kotunan da ke kusa da talaka su ne na shari'ar Musulunci da na gargajiya da na majistare, kowacce da dokar da ta kafa ta. Ko sarautar gaske ma alƙalamin gwamnati na iya shafe ta: a 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta rage gundumomin hakimai a jihar daga 390 zuwa 77, hakimai da yawa suka wayi gari da rawani ba ƙasa.

Amma dokar ba ta hana mutane tsara kansu ba. Sashe na 40 ya ba da 'yancin kafa ƙungiya. A shari'ar Agu da Ikewibe ta 1991, Kotun Ƙoli ta amince cewa in mutane biyu suka kai rigimarsu gaban dattawa da son ransu, bisa al'ada, suka yarda da hukuncin, to yana iya ɗaure su, ba mai zuwa daga baya ya ce bai san zancen ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ikon alƙalin kalankuwa da na Cort pü Inalt duk daga wannan rijiya ɗaya suke ɗiba, wato yardar wanda ake yi wa shari'a, kuma iyakarsu ke nan.

Magadan Sarkin Samari

Jikokin 'yan kalankuwa ba sa kafa rumfar zana, zauren WhatsApp suke buɗewa. Da wuya a sami gari a Ikara ko Makarfi ko Kudan da ba shi da zauren matasa ko na tsofaffin ɗalibai ko na ci gaban gari. Kowane da shugaba da sakatare da ma'aji, wani har da kwamitin ladabtarwa da dokoki masu lamba: ban da siyasa, ban da zagi, ban da turo abin da ba a tantance ba. Mai laifi a ja masa kunne, in ya sake a cire shi na mako guda, in ya ƙi ji a cire shi gaba ɗaya. Shi kuma, kamar 'yan Talossa na 2004, ya buɗe nasa zauren ya sa masa kusan sunan na farko, ya ƙara kalmar "na asali". A manyan makarantu ƙungiyoyin ɗaliban Hausa na naɗa sarki da hakimai, da algaita da komai.

Waɗannan zauruka tsaka-tsaki suke. Sun ɗauki rubutacciyar doka irin ta ƙasashen intanet, amma sun riƙe ƙarfin kalankuwa, domin wanda aka cire da daddare zai haɗu da wanda ya cire shi a wurin ɗaurin aure da safe, kowa kuma ya ji abin da ya faru. Shi ya sa ake samun masu zuwa har gida su ce, "Yaya, a yi haƙuri a mayar da ni, ba zan ƙara ba." Ba na jin an taɓa yi wa sarkin Talossa irin wannan zuwan.

Matsalarsu kan fara ranar da kuɗi suka shigo: karo-karon gyaran rijiyar burtsatse, asusun jinya, adashi, ko abin da ɗan siyasa ya bayar a raba. Goron tara ana cinye shi a fili kowa na gani, amma kuɗin da aka tura asusun mutum ɗaya ba mai ganinsu sai shi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi yadda ƙungiya za ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta hannun amintattu, ta buɗe asusu da sunanta, ta iya kai ƙara a kuma iya kai ta. Ƙungiyoyin gari da yawa ba sa yi, saboda kuɗin rajista da kai-komon takardu. In ma'aji ya ci amana, kwamitin ladabtarwa ya zauna ya cire shi daga zaure, kuɗin kuma suna aljihunsa. Daga nan sai ofishin 'yan sanda ko gaban alƙali na gaske, wanda ba ruwansa da wane ne shugaba ko doka ta nawa aka karya. Tambayarsa ita ce nawa aka tura, asusun wa, su wane ne shaidu, ina kuma takardar banki.